Rubutun neman gurbin jami'a kan ranar da ka tsaya kallo

Ka tambaya ko ka saka rubutunka na neman gurbin jami'a a intanet a duba maka, wanda ka yi kan ranar da aka ci zarafin wani ɗalibi a gabanka ba ka tanka ba. Kada ka saka shi a fili. Ka tura wa mutum biyu ko uku a keɓe, malaminka da wani da bai san labarin ba. Abin da ke fili kowa na iya kwafewa, kuma masu gyara in sun yi yawa, rubutun yakan daina kama da naka.

Batun yana da kyau, amma da sharaɗi. Iyakar rubutun a Common App, wato fom ɗin neman gurbin jami'o'in Amurka, kalma 650 ce, to kada aukuwar kanta ta ci fiye da 200. Sauran ka faɗi ainihin abin da ya ɗaure maka baki, tsoro ne ko jiran wani ya fara, da takamaiman abin da ka yi daga baya. Nan ne irin wannan rubutu ke yawan faɗuwa: nadama da yawa, aiki babu. Ka cire labarin Kitty Genovese, matar da aka kashe a New York a 1964 aka ce maƙwabta sun tsaya kallo, masu tantancewa kai suke son sani. Sunan ɗalibin ma ka sakaya shi.