"Hali zanen dutse" da maganar Hobbes

Wata ɗalibar kimiyyar siyasa ta aiko da tambaya: "Malam, an koya mana cewa Thomas Hobbes na ganin ɗan Adam mai son kai ne tun asali. Ko wannan shi ne 'hali zanen dutse' namu?"

'Yata, kusa ne amma ba a kai ba. Idan Bahaushe ya ce hali zanen dutse, mutum ɗaya yake nufi: wane marowaci ne, ko ya tsufa ba zai sake ba. Karin maganar tana bambanta wane da wane ne. Hobbes kuwa, masanin falsafar nan na Ingila, kowa ya haɗa, har da shi kansa.

Ki lura kalmar hali fuska uku gare ta. Akwai hali na ɗabi'a, akwai "halin da ake ciki", akwai kuma "mai hali", wato mai abin hannu. Ni a ganina fuska ta biyu ta fi dacewa da Hobbes. Ya fitar da littafinsa Leviathan a 1651, lokacin da yaƙin basasar Ingila, wanda ya ɓarke a 1642, ya riga ya cinye kan Sarki Charles na ɗaya. Abin da ya ce shi ne, inda babu hukumar da kowa ke shakka, gasa da rashin yarda da neman suna za su haɗa mutane faɗa. Hujjarsa ma ta cikin gida ce: ba ka kulle ƙofa in za ka kwanta? Ba ka sa wa akwatinka kwaɗo, alhali 'ya'yanka da barorinka ne a gidan?

Kada kuma ki ce kashin dankali ne, babba ya danne ƙarami. Hobbes cewa ya yi ƙarfin mutane kusan ɗaya ne, domin rarrauna na iya kashe ƙaƙƙarfa ta hanyar dabara ko taron dangi. Shi ya sa ba wanda ke barci da ido biyu rufe.

In karin magana kike nema ido rufe, Jean-Jacques Rousseau, wani masanin falsafa ɗan Geneva, ya fi sauƙin samo wa. A 1755 ya ɗora laifin a kan wanda ya fara shinge fili ya ce "nawa ne", mutane kuma suka yarda. A wurinsa cuɗanya ce ta ɓata mutum. Wannan kam muna da ita: zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.