Tambaya da Amsa: Me ya sa danfona ke komawa kore?

Tambaya: Assalamu alaikum. Sana'ata rubuta allon shago a Agege, amma na fara zana hotunan gari da fentin mai. Abu biyu sun dame ni. Da zarar na zo yi wa danfo, wato ƙaramar bas ɗin haya mai launin rawaya ta Legas, inuwa sai rawayar ta koma kore mai dauɗa. Sannan hoton Oshodi da na yi ya kama funfuna ta baya da damina. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ko ba ka faɗa ba, baƙi kake zubawa cikin rawayar. Baƙin da ake sayarwa a kwanso yana da jirwayen shuɗi, shuɗi kuwa in ya gamu da rawaya kore yake haifarwa. A allon shago ba ka gamuwa da wannan saboda kowace kala zaman kanta take yi, ba a cakuɗawa.

Ajiye baƙin gefe. Inuwar danfo ana haɗa ta ne da rawaya mai kama da ƙasa, wadda masu sayar da kayan zane ke kira oka, kashi 4, da jar ƙasa kashi 1. Inda inuwar ta fi duhu, kamar ƙarƙashin ƙofa da bayan taya, taɓa shunayya da bakin buroshi kawai ka ƙara. Tsantsar rawaya mai haske kuwa ka yi rowarta: rufin mota da gefen da rana ta buga, shi ke nan. In ka shafe motar duka da ita, za ta fito kamar ta talla, alhali danfon Oshodi ya sha ƙura da hayaƙi da gogar wasu motocin. Baƙaƙen layukan jikinsa su ne na ƙarshe, bayan rawayar ta daina kama yatsa. A laimar Legas hakan kan kai mako guda, wani lokaci ya wuce, domin rawaya mai haske da ake kira kadmiyom tana cikin masu jinkirin bushewa. Shafin fenti na farko a tsinka shi da tina, ruwan tsinka fenti, na sama a ƙara masa man linsid, man da ake kwaɓa fentin mai da shi. In aka juya tsarin, fenti zai tsattsage.

Ba ka tambayi taron jama'a ba, amma nan ma ake faɗuwa. In a tsaye kake kallo kuma ƙasa a shimfiɗe take, kawunan mutane, na kusa da na nesa, kusan layi ɗaya suke, ƙafafu ne ke hawa sama yayin da mutum ke nisa. Fuska biyu ko uku a gaba sun isa, sauran ɗigon kala ne. Nemi ayyukan mai zane Abiodun Olaku, wanda ya yi karatu a Kwalejin Fasaha ta Yaba, ka ga yadda yake barin nesa ta dushe cikin hazo da hasken fitilu.

Funfuna kuwa abinci take bi da danshi. In da sitaci ko garin rogo ka shafe kyallen da kake zane a kai kafin ka fara fenti, ka ciyar da ita. Yi amfani da jeso na akirilik, farin shafen da ake yi wa kyalle kafin zane, shafi 3, kana gogewa da samfefa tsakaninsu. Kada hoto ya manne da bango: liƙa murfin kwalba a kusurwoyi biyu na ƙasa ta baya don iska ta ratsa, kuma kada ka naɗe shi cikin leda.

Wanda ya riga ya kamu, fitar da shi waje cikin inuwa ya bushe, ka rufe hanci, ka kakkaɓe da busasshen buroshi mai taushi. Bayan kyallen kaɗai za ka ɗan shafa wa sifirit da auduga, ba tare da jiƙa shi ba. Fanish kuma, wato shafen ƙyalli na ƙarshe, sai hoton ya yi aƙalla wata 6 da gamawa.