Tambaya da Amsa: Ƙara wa Mota Mai Taya Uku Gudu

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da Polaris Slingshot ƙirar 2016, kuma ina so in sa mata na'urar turbo domin ta kai gudun kilomita 250 a awa. Daga ina ya kamata in fara?

Amsa: Wa alaikumus salam. Shawarata ita ce ka fara daga tayar baya, ka bar inji sai daga ƙarshe. Motarka tana da taya biyu a gaba da ɗaya a baya, kuma duk ƙarfin injinta mai lita 2.4, wanda ya kai ƙarfin doki 173, ta wannan taya ɗaya yake sauka a kan kwalta, ta hanyar bel. Wurin da tayar take taɓa ƙasa bai wuce tafin hannu da yawa ba. Idan ka ninka ƙarfin injin ka bar tayar yadda take, da zarar ka taka totur a kwana za ta riƙa juyawa a banza, bayan motar ya zame, kuma babu taya ta biyu da za ta riƙe shi. Wannan ne ya fi damuna a duk maganar.

Sai kuma iska, wadda mutane da yawa suke rainawa. Idan gudu ya ninku sau biyu, ƙarfin da ake buƙata domin keta iska yakan ninku sau takwas, saboda haka tashi daga 200 zuwa 250 yana cin kusan ninki biyu na ƙarfin da 200 take ci. Motar kuma a buɗe take, ba ta da rufi, iska tana dukan ƙirjin direba da kujeru. Zafin da birki zai sha kafin ya tsayar da ita daga 250 ya zarce na 200 da fiye da rabi.

Saboda haka ka duba harafin da ke jikin tayoyinka: V na nufin iyakarsu 240, W 270, Y kuma 300. Taya mai V ba ta isa abin da kake nufi ba. Bayan taya, ka canza birki da ruwansa zuwa masu jure zafi, ka gyara shakazoba, a daidaita ƙafafun gaba sosai.

Idan an zo kan turbo, ita iska take cusa wa inji, don haka dole a ƙara mai daidai da iskar, a sake saita kwamfutar injin, a kuma ƙara sanyaya shi, in ba haka ba fistin zai iya narkewa. Kuloci da bel ma za su ɗauki nauyin da ba a ƙera su dominsa ba.

Gwajin kuwa a filin tsere za ka yi shi, da hular kwano a kanka, kana ƙara gudun kaɗan-kaɗan kana duba zafin taya da birki bayan kowane zagaye.