Tambaya da Amsa: Hasken waya da ƙarar "40Hz" za su iya maganin mantuwar Baba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Mahaifinmu ya haura shekara 70, kuma wajen shekara biyu ke nan da mantuwa ta sa shi gaba. Sai ya yi tambaya ɗaya sau huɗu kafin a tashi daga kan akushi. Ran nan ya je masallacin unguwa, hanyar gida ta ɓace masa, sai yara ne suka rako shi. Ƙanena ya turo mini wani bidiyo daga YouTube, haske ne mai ƙiftawa da wata ƙara, an rubuta 40Hz a kansa, wai idan aka kalla awa ɗaya kullum yana wanke ƙwaƙwalwa, kuma wai binciken wata jami'ar Amurka ne. Mun fara kunna masa da daddare a falo. Da gaske ne, ko mu daina? Daga wata 'yar'uwa a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya saka muku da alheri a kan ɗawainiyar da kuke yi da shi. Ku daina kunna masa bidiyon nan tun daga daren yau. Ƙanenki bai yi ƙarya ba da ya ce akwai bincike, binciken na nan kuma manyan masana ne suka yi shi. Sai dai abin da ke fitowa daga fuskar wayarku ba shi ne abin da aka gwada ba, kuma yana iya cutar da wani a cikin falon nan, musamman jikokin da ke zagaye da kakansu.

Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo ne da ɗan ƙaramin lantarki, kuma idan suna aiki tare sukan yi shi da wani irin bugu mai tsari, kamar mata masu luguden daka. Wani likitan Jamus, Hans Berger, shi ya fara wallafa wannan bugun a jikin ɗan Adam a 1929, kuma daga aikinsa aka samu gwajin EEG da muke yi a asibiti yau. Akwai bugun da ke tafiya a hankali lokacin barci mai nauyi, akwai mai sauri lokacin da mutum ya tattara hankalinsa a kan wani abu. Mai saurin nan ana kiransa gama, kuma sau 40 a daƙiƙa ɗaya yana cikinsa. Ma'anar 40Hz ke nan. An lura cewa wannan bugun yakan raunana ko ya hargitse a cutar Alzaima, wadda ita ce ta fi kawo abin da muke kira gigin tsufa.

Cewa haske na iya jan ƙwaƙwalwa ta bi bugunsa ba sabon zance ba ne. Tun 1934 wasu masana biyu, Adrian da Matthews, suka nuna haka a Kambirij ta Ingila, kuma ni kaina ina ganinsa duk lokacin da na zauna duba EEG. Ana liƙa wa mutum ƙananan wayoyi a fatar kai, a ajiye fitila mai walƙiya a gaban fuskarsa. Mai gwajin zai kunna ta a hankali, ya riƙa ƙara mata sauri. Sai ka ga layukan da ke fitowa daga ƙeya, inda sashen gani yake, sun bar tafiyarsu sun shiga sahun fitilar, ta buga su buga. Yana kashewa su koma yadda suke. Amma ki riƙe dalilin da ya sa muke kunna fitilar nan: don mu gano ko haske na tayar wa mutum da farfaɗiya ne, shi ya sa hannun mai gwajin ba ya nisa da makunnin.

A Disambar 2016 ne tawagar Farfesa Li-Huei Tsai ta jami'ar MIT da ke Amurka ta wallafa a mujallar Nature cewa sun sa ɓerayen da aka sauya wa ƙwayoyin gado don su kamu da irin cutar Alzaima a gaban fitila mai ƙiftawa sau 40 a daƙiƙa. Bayan awa ɗaya, sinadarin amiloyid, wanda ke taruwa ya daskare a ƙwaƙwalwar masu cutar, ya ragu da kusan rabi a sashen gani, ko da yake cikin kwana ɗaya ya koma yadda yake. Da aka maimaita kullum har mako guda, daskararren ma ya ragu. A 2019 suka haɗa da sauti, suka ce tasirin ya kai ga sassan da ke riƙe tunani. A 2024 kuma suka nuna cewa haske da sautin suna ƙara gudun ruwan da ke zagaya ƙwaƙwalwa yana kwashe datti. Ina jin daga nan masu bidiyo suka ɗauko kalmar "wanke ƙwaƙwalwa".

Duk wannan a ɓera ne. Kuma a ɓeran ma ba a zama baki ɗaya ba. A 2023 ɗakin binciken György Buzsáki na Jami'ar New York, wanda yana cikin manyan masana bugun ƙwaƙwalwa a duniya, ya maimaita gwajin hasken bai ga amiloyid ya ragu ba. Ya ce bugun da ƙyar yake isa sassan ciki, ɓerayen ma gudun hasken suke yi. Masu bidiyo ba sa kawo wannan.

A mutane fa? Gwaje-gwajen farko ƙanana ne: mutum 10 a Atlanta, mutum 15 a MIT. Sun nuna cewa na'urar da aka ƙera don wannan aiki ba ta cutar da waɗanda aka tantance kafin a sa su ba. Kamfanin Cognito, wanda Tsai da abokin aikinta Ed Boyden suka kafa, ya ƙera wani abu mai kama da tabarau haɗe da abin sawa a kunne, ya gwada shi a kan mutum fiye da 70 na tsawon wata shida. Babban ma'aunin da suka sa a gaba tun farko bai nuna bambanci ba, amiloyid ma bai ragu ba. Amma a wasu ma'aunan, kamar iya gudanar da hidimar yau da kullum da saurin motsewar ƙwaƙwalwa, waɗanda suka samu na gaskiyar sun fi waɗanda aka ba na bogi don kwatance samun sauƙi. Wannan ya isa a ci gaba da nema, shi ya sa aka shirya babban gwaji mai suna HOPE da ɗaruruwan marasa lafiya. Ina cikin masu fatan abin ya tabbata, domin magani ba allura ba ƙwaya abu ne da zai dace da irin ƙasashenmu. Sai dai ko masu binciken ba su taɓa cewa yana dawo da tunanin da ya riga ya tafi ba. Iyakar abin da suke nema shi ne rage saurin cutar.

To ga inda wayar ta gaza, kuma lissafi ne da za ki iya yi da kanki. Fuskar wayoyi da yawa tana sauya hoto sau 60 a daƙiƙa. Kafin a ce haske ya ƙifta sau ɗaya, dole a samu hoto ɗaya fari, ɗaya baƙi, wato hoto biyu. Raba 60 gida biyu, 30 ke nan. Wannan ita ce iyakarta, ba za ta kai 40 ba ko da me aka rubuta a kan bidiyon. Idan aka matsa sai an cusa 40 a cikin 60, abin da ke fitowa wani gurgun bugu ne da ke yawo wajen 20. Akwai wayoyin da ke sauya hoto sau 120, su kam lissafin ya yi daidai, hoto uku ga kowace ƙiftawa, amma bidiyon YouTube ba ya wuce hoto 60 a daƙiƙa, da yawa ma 30 ne. Idan kuma an sauke shi an tura ta WhatsApp, an sake matse shi, ba wanda zai iya ce miki ga saurin da ya rage.

Wannan 20 ɗin ita ke tayar mini da hankali. Hasken da ya fi tayar da farfaɗiya shi ne mai ƙiftawa tsakanin sau 15 zuwa 25 a daƙiƙa. Cikin masu farfaɗiya, kusan 3 cikin 100 ne haske ke tayar wa, kuma galibinsu yara ne da matasa, da yawa ba a san suna da ita ba sai ranar da suka faɗi. A ranar 16 ga Disamba 1997, wani zanen yara na Pokémon da aka nuna a talabijin a Japan ya ɗauki 'yan daƙiƙoƙi yana walƙiyar ja da shuɗi wajen sau 12 a daƙiƙa, aka kwashi yara 685 zuwa asibiti. Yanzu ki dubi falonku da daddare. An ɗauke wuta ko an kashe fitila don hasken ya fito sosai, an ƙure hasken wayar, an kawo ta dab da fuskar Baba, ƙananan yara sun leƙo ta kafaɗarsa suna son ganin abin da ake kallo. Duhu, kusanci da ƙarfin haske, duk abubuwan da ke ƙara haɗarin sun haɗu. Shi kansa Baba bai tsira ba, domin masu cutar Alzaima sun fi sauran tsofaffi saurin samun farfaɗiya. Idan wani a gidan yana da ciwon kai mai cin ɓari ɗaya, shi ma walƙiyar na iya taso masa da shi.

Tunda zancen ya zo, ki koya wa yaran gida wannan: idan suka ci karo da haske mai walƙiya, a waya ne ko a wurin biki, su rufe ido ɗaya da tafin hannu su kau da kai. Runtse ido biyu kawai ba ya wadatarwa, hasken na ratsa fatar ido. In kuma wani ya faɗi yana jijjiga, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki, idan ya wuce minti 5 a nufi asibiti.

Sautin bai kai hasken haɗari ba. Amma shi ma yawanci ba shi ne na binciken ba. Masu binciken ɗan gajeren ƙyas-ƙyas suka yi amfani da shi, mai kaifin sauti, ana maimaita shi sau 40 a daƙiƙa. Yawancin bidiyoyin nan kuwa wani gurnani ne mai kauri wanda ƙaramar lasifikar waya ba ta ma iya fitarwa da kyau, ko kuma wata tsohuwar dabara da aka sani tun 1839, inda ake sa wa kunnen dama wani sauti, na hagu wani mai ɗan bambanci, ƙwaƙwalwa ta ji kamar ana bugu a tsakani. Wasu na jin daɗinsa wajen barci ko karatu, ba na hana lafiyayyen mutum saurare da ƙaramar murya. Babu wata shaida da ta nuna yana taɓa cutar mantuwa.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne ba ki ce likita ya ga Baba ba. Shekara biyu ba kwana biyu ba ne. Mu a gida da zarar tsoho ya fara mantuwa sai a ce tsufa ne, a yi shiru don kunya ko don girmamawa, alhali mutumin da ya kasa gane hanyar masallacin da ya shekara da shekaru yana zuwa ba tsufa kaɗai ke damunsa ba. Kuma ba kowace mantuwa ce Alzaima ba. Ƙarancin bitamin B12 na kawo ta, musamman ga mai ciwon suga da ya daɗe yana shan metformin. Raunin tayirod, wata halitta da ke gaban wuya, na kawo ta. Ciwon damuwa a tsoho yakan zo da kamanninta sak. Magungunan barci irin su baliyam na dagula tunani. Jinin da ya taru a hankali a cikin ƙoƙon kai bayan 'yar faɗuwar da kowa ya manta da ita na kawo ta, kuma tiyata na warkar da wannan. A wurinmu kuma, inda hawan jini ya yi yawa ba a kula da shi, ƙananan toshewar jijiyoyin jini a ƙwaƙwalwa na cikin manyan dalilai. Kuna Zariya, asibitin koyarwa na Shika na kusa da ku, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Ku zuba duk magungunan da yake sha a leda, har na gargajiya, ku tafi da su, kuma wanda ya fi zama da shi ya raka shi, domin shi zai ba da labarin da Baba ba zai iya bayarwa ba.

Ku roƙi a duba masa kunne da ido a wannan zuwan. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 a 2024 waɗanda kauce musu zai iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na cutar mantuwa, kuma rashin ji da raunin gani suna ciki. Na sha ganin tsoho da aka kawo an ce ya ruɗe, ba ya amsa magana, ya daina zama a zaure. Aka leƙa kunne, datti ya toshe shi tam, ga yanar ido ta rufe masa gani. Aka wanke kunnen, aka cire yanar, bayan 'yan makonni ya dawo yana gaisawa da kowa yana tambayar farashin masara. Cutar ba ta tafi duka ba, amma rabin abin da ake ɗora mata ba nata ba ne.

A gida kuma, awa ɗayan nan da kuke ba bidiyon, ku mayar da ita safiya. Ku fito da shi tsakar gida ya sha hantsi, domin hasken rana da safe yana daidaita agogon jiki, barcin dare ya gyaru, ruɗewar da kan taso da magariba ta yi sauƙi. Da daddare a bar masa fitila marar ƙarfi wadda ba ta rawa, a hanyar banɗaki musamman. Ku kunna masa rediyon da ya saba ji, ku sa jika ya zauna ya yi masa karatun surorin da ya haddace tun yana yaro, za ki ji yana gyara wa yaron, domin tsohon karatu shi ke jimawa bai goge ba. Idan ya maimaita tambaya, a amsa masa kamar karon farko, kada a ce "Baba ai yanzu ka tambaya". Masallaci kuma kada a hana shi, a haɗa shi da mai rakiya, a rubuta sunansa da unguwarku da lambar wayar mutum biyu a ɗan kati, a sa masa a aljihun kowace riga.