Hukuncin Ƙaura Zuwa Wata Ƙasa Saboda Tsadar Gida

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni magidanci ne, ina da mata ɗaya da 'ya'ya uku. Shekara 11 ke nan ina zaman haya. Yanzu kuɗin haya yana cinye fiye da rabin abin da nake samu, kuma duk shekara sai mai gida ya ƙara. Aikina ta intanet nake yi, don haka ko ina na zauna albashina ba zai canza ba. Na bincika na ga ƙasashe biyu da ɗan abin da na tara zai iya saya mini gida, ko ya kusa. Ɗaya ta Musulmi ce, ɗayar kuma Musulmi 'yan tsiraru ne a cikinta, amma ta fi arha. Mahaifina ya rasu. Mahaifiyata ta manyanta, tana wurin ƙanwata da mijinta. Matata kuma tana ɗari-ɗari da tafiyar. Wani abokina ya ce barin ƙasa saboda gida kwaɗayin duniya ne da rashin tawakkali, wani kuma ya ce hijira ce mai lada. Mene ne hukunci?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya yaye maka wannan ƙunci.

Ɗan'uwa, abokanka biyu kowa ya faɗi abin da yake gani alheri ne gare ka, amma babu wanda ya dace a cikinsu.

Na farko ya yi kuskure, domin gida ba ya cikin kayan alatu. Allah ya lissafa shi cikin ni'imominsa a Suratun Nahli, aya ta 80, inda ya ce ya sanya muku natsuwa daga gidajenku. Ya kuma ɗora wa miji nauyin matsuguni a Suratuɗ Ɗalaƙi, aya ta 6: ku zaunar da su inda kuke zaune gwargwadon samunku. Idan wannan haƙƙin matar da aka saka ne tana cikin idda, to ina ga wadda take ɗakinta da 'ya'yanta? A hadisin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas da Ibn Hibban ya ruwaito, Annabi (SAW) ya ambaci abubuwa huɗu na jin daɗin rayuwa: mace tagari, gida mai yalwa, maƙwabci nagari, da abin hawa mai daɗi. Wanda yake neman ɗaya daga cikinsu ta hanyar halal ba a ce masa makwaɗaici. Tawakkali kuwa ba ya hana motsi. Wanda ya umarce mu da dogaro gare shi, shi ne ya ce a Suratul Mulki, aya ta 15, ya hore mana ƙasa, mu yi tafiya cikin sasanninta mu ci daga arzikinsa. A ƙarshen Suratul Muzzammili ma ya ambaci masu tafiya a bayan ƙasa suna neman falalarsa daura da masu yaƙi don ɗaukaka addininsa.

Na biyu shi ma ya zarce. Hijira a shari'a ita ce guduwa da addini daga inda aka hana ka yin sa zuwa inda za ka iya. Kai ba a hana ka salla ba, mai gida ne ya ƙara maka haya. Alƙali Abubakar Ibnul Arabi, malamin Malikiyya da ya rasu a shekara ta 543 bayan hijira, ya kasa tafiya gida biyu: tafiyar gudu da tafiyar nema. A cikin ta nema ya ambaci tafiyar neman abin rayuwa, wato mutum ya ga zama ya gagare shi a inda yake, sai ya fita ya nemi inda zai iya riƙe kansa. Imam Ƙurɗubi ya naƙalto wannan rabo a tafsirin aya ta 100 a Suratun Nisa'i. A nan tafiyarka take. Asalin hukuncinta halacci ne. Lada yana iya shigowa ta ƙofar niyya, idan ka nufi sauke haƙƙin iyali da tsare su daga bashi da roƙo. Amma ka kira ta da sunanta, don hadisin Umar da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya ce wanda ya yi hijira don wata duniya da zai samu, hijirarsa tana ga abin da ya yi ta dominsa.

Sai dai halal yana iya komawa makaruhi ko haram gwargwadon abin da ya rataya da shi, kuma a tambayarka abubuwa da dama sun rataya.

Mu fara da ƙasashen biyu. Zuwa ƙasar Musulmi ba shi da wata gardama. Zama a ƙasar da ba ta Musulmi ba kuwa malamai sun daɗe suna saɓani a kai. Malikiyya sun fi kowa tsanantawa. Ibn Abi Zaid a Risala ya karhanta ko da fatauci zuwa ƙasar abokan gaba, Wanshirisi kuma, wanda ya rasu a 914 bayan hijira, ya haramta wa Musulmin Andalus zama ƙarƙashin waɗanda suka ci ƙasarsu da yaƙi, bai karɓi ƙuncin rayuwa a matsayin uzurin komawa can ba. Suna kafa hujja da aya ta 97 a Suratun Nisa'i, da hadisin Jarir ɗan Abdullahi cewa Annabi (SAW) ya barranta daga Musulmin da ke zaune a tsakiyar mushirikai. Wannan hadisi yana cikin Abu Dawud da Tirmizi, kodayake Tirmizi da kansa ya rinjayar da cewa mursali ne, wato ba a ambaci sahabi a isnadinsa ba. A ɗaya ɓangaren, Ibn Ƙudama ya kasa Musulmin da ke zaune a irin wannan ƙasa kashi uku: wanda ba ya iya bayyana addininsa kuma yana da ikon fita, fita ta wajaba a kansa; wanda ba shi da iko, an yi masa uzuri; wanda yake iya bayyana addininsa, fita mustahabbi ce a gare shi ba dole ba. Mawardi na Shafi'iyya ya ƙara gaba, ya ce wanda yake bayyana addininsa zamansa ya fi, saboda fatan wasu su shiryu ta dalilinsa. Kuma sananne ne cewa Ja'afar ɗan Abi Ɗalib da mutanensa sun zauna a Habasha ƙarƙashin adalcin Najjashi, ba su iso Madina ba sai shekara ta 7, lokacin buɗe Khaibar.

Abin da nake gani ya fi ƙarfi shi ne hukuncin yana tafiya da amincin addini. Amma ka lura, yawancin sassaucin nan an yi shi ne ga wanda ya riga yana can, ko wanda lalura ta kai shi. Kai kana da zaɓi biyu a gabanka, kuma abin da ya raba su ragowar kuɗi ne kawai. Sannan ba addininka kaɗai ake aunawa ba. Kai ka girma, ka san alwala da salla, da wuya a raba ka da su. 'Ya'yanka uku fa? Yaron da zai shekara goma sha biyu a makarantar da ba a ambaton Allah, a unguwar da ba ya jin kiran salla, da abokan da ba sa azumi, shi ne zai biya ragowar kuɗin da ka tsira da shi. Gidajen da suka fi arha kuma galibi suna garuruwan da mutane suka watse suka bari, nesa da manyan birane inda masallatai da makarantun Musulmi suke. Allah ya ce ku kare kanku da iyalanku daga wuta (Tahrim, 6). Don haka a halinka, zaɓar ƙasar da Musulmi suke tsiraru alhali ga ta Musulmi a buɗe makaruhi ne. Idan kuwa ya rinjaya a zatonka cewa garin da za ka ba shi da Juma'a, ba shi da inda yara za su koyi Alƙur'ani, ba shi da maƙabartar Musulmi, to bai halatta ka kai su can ba, komai arhar gidan.

Yanzu maganar da ta fi damuna a wasiƙarka, wadda ka ambata a layi ɗaya ka wuce: mahaifiyarka. Wani mutum ya zo wurin Annabi (SAW) zai yi mubaya'a a kan hijira, ya ce ya baro iyayensa suna kuka. Sai ya ce masa ya koma ya sa su dariya kamar yadda ya sa su kuka. Abu Dawud da Nasa'i sun ruwaito shi daga Abdullahi ɗan Amru. Wannan fa hijira ce zuwa ga Manzon Allah da kansa, balle tafiyar neman gida. Malamai da yawa sun halatta tafiyar neman abinci ba da izinin iyaye ba idan hanya da aminci kuma ba za su tozarta ba, amma wannan tafiya ce ta je-ka-dawo. Kai tarewa za ka yi. Kasancewarta a wurin ƙanwarka bai sauke maka nauyi ba, domin ƙanwarka a gidan wani take, surukin kuma alheri yake yi, ba wajibi ne yake saukewa ba. Ka je ka zauna gabanta ka gaya mata komai, har da cewa tana iya yin rashin lafiya kai kana jiran biza ko jirgi. Idan ta yarda da zuciya ɗaya, ko za ta bi ka, alhamdulillahi. Ka kula da bambancin yarda da kawaici, don uwa takan ce "je ka, Allah ya yi albarka" alhali zuciyarta tana wani wuri. Idan tana bukatar hidimarka da jikinka kuma babu mai tsaya mata kamar kai, tafiyar ta haramta har sai hali ya canza.

Matarka kuma, ɗari-ɗarinta abin saurare ne. Malikiyya sun ba miji damar tafiya da matarsa idan hanya da aminci, shi amintacce ne a kanta, kuma labarinta ba zai yanke daga danginta ba. Idan an yi sharaɗi a wurin ɗaurin aure cewa ba za ka fitar da ita daga garinsu ba, Hanbaliyya sun ce ya lizimce ka, bisa hadisin Uƙba ɗan Amir cewa sharuɗɗan aure su ne mafi cancantar cikawa. Ko babu sharaɗi, ita ce za ta wuni a cikin gidan nan ba uwa ba 'yar'uwa, wataƙila ba ta jin harshen maƙwabta. Kuma ban yarda da dabarar da wasu ke yi ba, ta su tafi su bar mace shekaru da sunan share fage.

Sai batun kuɗi. Ka ce abin da ka tara zai sayi gida "ko ya kusa". Da me za ka cike giɓin? Idan da bashin banki mai ruwa ne, an gudu ba a tsira ba. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1990, ta tabbatar da cewa gida bukata ce ta asali, amma ta haramta samar da shi ta rance mai ruwa, ta yi nuni ga hanyoyi kamar sayarwa a biya kaɗan-kaɗan da kwangilar gini. Na san Majalisar Fatawa ta Turai ta yi rangwame a 1999 ga Musulmin da ke zaune can wanda ba shi da gida kuma bai sami wata hanya ba. Malamai da yawa sun yi mata raddi, kuma ko a wurin masu ita, ba a yi ta don wanda zai ɗauki ƙafa ya je ya jefa kansa cikin bukatar ba. Ka cike da rance marar ruwa, ko bankin Musulunci, ko ka sayi ƙarami, ko ka jinkirta.

Ka kuma binciki arhar da kyau, domin ɓarnatar da dukiya haramun ne, kuma wannan tarin shekara 11 ne na guminka. Wasu ƙauyukan Italiya suna sayar da tsoffin gidaje a kan yuro 1, amma da sharaɗin ka gyara cikin wa'adi, kuma gyaran shi ne ainihin farashin. Japan tana da gidajen da ba kowa ciki kusan miliyan 9, amma sayen gida a can ba ya ba ka izinin zama. A Tailan galibi baƙo ba ya mallakar fili da sunansa. Dokoki ma suna juyawa: Fotugal ta rufe hanyar samun izinin zama ta sayen gida a 2023, Spaniya ta rufe tata a 2025. A nan ne wasu ke faɗawa cikin haram, su sayi gida da sunan ɗan ƙasa don zagaye doka, ko su yi auren takarda, ko su shiga da bizar yawon buɗe ido da niyyar ba za su fita ba. Biza alkawari ce tsakaninka da hukumar da ta ba ka, Allah kuma ya ce ku cika alkawura (Ma'ida, 1). Wanda ya sa gidansa a sunan wani kuwa, ranar da ya mutu magadansa ba su da hujjar da za su riƙe. Ka tambayi lauya yadda dokar gado take a can, ka rubuta wasiyya tun da wuri. Kada ka biya kuɗi a kan hoto. Gani ya kori ji.

Akwai wani haƙƙi da ba ka tambaya ba, amma ba zan ɓoye shi ba. Gidan da kake gani arha, ga ɗan ƙasar mai ƙaramin albashi tsada ne. A Lisbon da birnin Meksiko mazauna sun yi zanga-zanga saboda haya ta fi ƙarfinsu, suna ɗora wani ɓangare na laifin a kan baƙi masu albashin waje. Sayenka halal ne, ba na cewa haramun ne. Amma kai da ka ɗanɗani ƙarin haya shekara bayan shekara, kada ka ƙara kuɗi don a tashi wani mai haya a ba ka, kada ka shiga cinikin da wani ya riga ya ƙulla, domin an hana ciniki a kan cinikin ɗan'uwa, kuma Annabi (SAW) ya ce babu cuta babu cutarwa.

Saboda haka amsarka ita ce: ya halatta ka koma ƙasar Musulmin idan mahaifiyarka ta yarda kuma ba za ta tozarta ba, matarka ta amince, takardunka na gaskiya ne, kuma babu riba a cikin sayen. Ɗaya ƙasar ka bar ta muddin wannan tana buɗe. Kafin komai ka duba ko wani gari a cikin ƙasarku zai biya bukatar, tunda aikinka bai ɗaure ka a wuri ɗaya ba. Hakan zai bar ka kusa da tsohuwa. Idan tafiyar ta tabbata, ka yi istihara, ka fara da haya na shekara guda a can kafin ka saki kuɗinka, ka ga masallacin unguwar da makarantar yara da maƙwabta da idonka.

Wallahu a'alam.