Tambaya da Amsa: Saba ta ƙi karɓar mutum na uku

Tambaya: Salam Malam, don Allah a taimaka mana. Muna da saba (babbar kwamfutar da sauran kwamfutocinmu ke haɗuwa da ita) mai Windows Server 2019 a ofis, manhajar lissafin kuɗinmu tana kanta, mu biyar ne muke shiga ta Remote Desktop, wato kowa yana shiga cikinta daga tasa kwamfutar. To da zarar mutum biyu sun shiga sai na uku ya ga saƙo wai mutane sun yi yawa, ya zaɓi wanda zai fitar, wallahi har rigima ake yi. Wani mai gyara ya ce zai mana kirak (ya karya wannan iyakar ta bayan fage) a wuce wurin, ya kake gani?
Mai karatu daga Kano

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Sabarku lafiyarta lau, haka Microsoft suka tsara ta, mutum biyu kacal ta yarda su shiga lokaci guda kuma su ma don masu kula da sabar aka yi, ba don ma'aikata su wuni ciki suna aiki ba.

Kafin a kashe ko kwabo, duba su waye a ciki tukuna. Buɗe cmd (tagar rubuta umarni ta Windows) a sabar ka rubuta query session, za ka ga kowa da lambarsa, wanda ya tafi sallah ko cin abinci ya bar ta a buɗe sai ka rubuta logoff da lambar tasa. Amma fa ka kira shi a waya kafin nan, duk aikin da bai yi sebin ba ya tafi kenan. A cikin gpedit.msc (wurin saita ƙa'idojin Windows) ma akwai Session Time Limits, wato iyakar lokacin zama, sa mata ko minti 30 ta riƙa sallamar wanda ya bar ta ba aiki.

In kuwa dole ku biyar ɗin ku shiga tare, sai an saka Remote Desktop Services (RDS, ɓangaren Windows mai ba mutane da yawa damar shiga tare) an sayi lasisin shigarsa, wato RDS CAL, ko na kowane mutum ko na kowace kwamfuta. Akwai kwana 120 na gwaji, yana ƙarewa ba lasisi za ta hana ma'aikata shiga, don haka a gaya wa oga tun yanzu. Kuma kowa a buɗe masa akawun nasa, in kuna amfani da guda ɗaya wannan na shiga wancan zai fita.

Maganar kirak kuma, gaskiya ban ba ku shawara ba. Ya saɓa lasisi, kuma fayil ɗin Windows mai suna termsrv.dll suke taɓawa, sabuntawar Windows ɗaya na iya rushe aikin, ranar ƙarshen wata ana haɗa albashi ku nemi mai gyaran ku tarar wayarsa a kashe.