Shiru daban, ji daban

Ɗiyata, na ga saƙonki. Kin ce surukarki tana ganin kina ɓata yaron don kina barinsa ya yi tambaya a gaban manya, alhali mu da sunkuyar da kai aka tashe mu, kina neman sanin wanne ya dace da gidan masu bi.

Surukarki tana da gaskiyarta. Yaro ba ya katse babba, ba ya tsoma baki a hirar baƙi, in an kira shi ya ce "na'am". Wannan kada ki yi wasa da shi. Yaƙub 1:19 ma haka ya umarta, mutum ya yi saurin ji, ya yi jinkirin magana.

Sai dai shiru ba shi ne ji ba. A makarantar Lahadi na sha ganin yaro ya durƙusa tamkar ya fi kowa ladabi, hankalinsa kuwa yana filin ƙwallo. Iyayenmu sun san da haka, shi ya sa suke gwada mu da aike. Inna takan ce: "Je gidan wance, ki ce ina gaishe ta, yaya jikin yaron, in da sauran daddawa ta ba ki." Kafin ki ɗaga ƙafa sai ta ce, "Me na ce?" Ki maimaita tsaf. In kin dawo kuma ki kawo amsa yadda aka faɗa, ba ƙari ba ragi. Da dare ga tatsuniya, duk wanda ya amsa "ta zo mu ji ta" ya san gobe ana iya cewa shi ya bayar. Waɗannan su ne muka yasar, muka riƙe tsawa kaɗai, wai jiki ya fi kunne ji.

Game da tambaya kuwa, ki buɗe Luka 2:46. Yesu yana ɗan shekara 12 aka same shi a Haikali zaune cikin malamai, yana sauraronsu, yana kuma yi musu tambayoyi. Babu wanda ya kira wannan rashin kunya.

Abin da ya fi damuna shi ne mu manya. Da aka kawo makaho Bartimawas, kowa ya ga abin da ke damunsa, amma sai da Yesu ya tambaye shi abin da yake so, ya bar shi ya faɗa da bakinsa. Ƙauna ke nan. Abokan Ayuba kwana 7 suka zauna da shi a ƙasa ba wanda ya ce uffan. Da suka buɗe baki ne suka ƙara masa ciwo. Mu ma a Zumuntar Mata in mun je zaman makoki, wata tun ba ta aje jaka ba ta fara wa'azi, mai takaba ko numfashi ba ta samu ta yi ba.

Saboda haka in ya dawo makaranta yana ba ki labari, kife wayar nan, ki dube shi, ko da labarin ƙadangare ne. Ki koya masa ya jira babba ya kai aya, sannan ya ce, "Kaka, in yi tambaya?" Surukarki kuma kada ki ja da ita. Ki riƙa tura mata shi da aike, ta ji da kunnenta yadda yake isar da saƙo.

Ki gaishe min da maigidan nawa, ki ce har yanzu ina jiran kuɗin cefane.